Yatsun Hagu na Baba Sulemanu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Baba Sulemanu a Malumfashi, kuma katangar ba ta da tsawo. Shekara goma sha biyar ke nan muna maƙwabtaka. Ni sunana Awaisu, malamin gona ne da ya yi ritaya. Shi kuma Kirista ne ɗan Gozaki, yana noma masara da waken soya a can, amma ba noman ya sa 'yan unguwa suka san shi ba. Goge gare shi irin na Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake tokarewa a ƙarƙashin haɓa. Bayolin ne sunansa na gaskiya. Mu dai goge muke cewa, shi ma da ya gaji da gyara mana sai ya bi mu.

Tarihinsa a gutsuttsure na same shi, yawanci a kan benci a ƙofar gida bayan na dawo daga sallar la'asar. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka fara bin mishan a yankinsu. Yana yaro yana busa bigila a ƙungiyar samarin coci. Da ya kai shekara sha tara ya shiga soja, aka lura yana da kunne, aka tura shi sashen badujala a Legas. A can ne wani tsohon malamin kiɗa da aka ɗauko daga ƙasar waje ya kama hannunsa, ya jujjuya yatsun, ya ce ya ajiye abin busan ya ɗauki goge. Ya ce wata shida ya yi abin na kuka a hannunsa kamar akuyar da aka ɗaure, har abokan ɗakinsa suka kai ƙararsa.

Bayan ya bar soja bai dawo gida ba. Ya shiga wata ƙungiyar makaɗa mai mutum arba'in da 'yan kai, ya yi shekara ashirin da biyu a cikinta. Na taɓa tambayarsa ko shi ne babbansu. Ya yi dariya.

"Layin baya nake, Malam Awaisu. Kujera ta biyu daga ƙarshe. In ka zo kallo, ƙeyar na gabana kawai za ka gani, ni sai dai ka ji labari."

Da ya dawo gida shi da matarsa Mama Mairo, kullum bayan ya sha shayin safe sai ya yi awa guda yana goge kafin ya hau babur zuwa gona. Da farko ya dame ni. Daga baya ya zama in ban ji ba sai in leƙa in tambaya ko lafiya. Yara uku ya fara koya wa a coci. Biyu suka gudu kafin shekara. Ta ukun ita ce Ƙauna, 'yar wani direban motar tumatir da ya rasu a hatsari a hanyar Danja tana da shekara sha biyar. Yarinya ce siririya marar surutu. Ta fara tana sha huɗu, ba ta fasa ba har ta gama makarantar horon malamai ta samu aikin koyarwa a wata firamare mai zaman kanta.

A daminar 2021 yana zuba taki a gonarsa ta Gozaki, ya sunkuya zai ɗauki kwanon, sai ya ji hannun hagun ba nasa ba ne. Mutum biyu suka sa shi a tsakiya a kan babur suka kawo shi asibiti. Ya rayu. Ƙafar hagu sai jan ta yake, baki ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi. Hannun hagun kuwa, wanda shi ke danna tsirkiya, ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Mama Mairo ta yi ta gasa shi da ruwan ɗumi tana shafa man kaɗe, an kai shi wurin masu gashin ƙashi a Funtuwa har ba adadi. Babban yatsa ne kawai ya ɗan motsa.

Wata rana da hantsi na ji ƙara ta katanga, na zagaya da sauri. Na same shi zaune a bakin gado, ya tokare gogen da haɓa, yana ƙoƙarin ɓamɓare yatsun hagun da hannun dama ya ɗora su a kan tsirkiya. Da ya saki sai su koma su dunƙule. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗago ya dube ni.

"Duk yana nan," ya ce, yana buga ƙirjinsa da izgar gogen, wato sandan da ake ja a kan tsirkiya. "Kowace ƙara tana nan. Ta ina za ta fita?"

Na karɓi gogen na sa a akwatinsa.

Kusan shekara biyu gidan shiru, in ban da ranar Asabar da Ƙauna kan zo ta kaɗa abin da ta iya, shi kuma yana kwance yana kallon rufi. Sai a watan Maris na 2023 ta zo da wata takarda da ta gani a waya. Wata makarantar kiɗa a Legas za ta ɗauki ɗalibai takwas ta koyar da su kyauta shekara biyu. Za a yi gwaji a watan Agusta. Mai goge dole ya kawo kwancato guda. Daga baya na gane abin da kalmar ke nufi: dogon kiɗa ne mai kashi uku, mai goge ɗaya ya tsaya a gaba shi ke jan magana, sauran makaɗa duka suna amsa masa. Kuma ba a karɓar wanda ya wuce shekara ashirin da huɗu. Ƙauna tana da ashirin da biyu.

Ran nan ya tashi zaune. Ya sa Mama Mairo ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya zaro wasu takardu da suka yi ja, gefensu duk ya cinye, an cika su da rubutun fensir. Ya miƙa wa Ƙauna.

"Wannan za ki yi."

Ta duba shafin farko, ta juya na biyu, ta ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina."

"Na sani. Wata biyar gare mu."

Da yake ɗakin akwai zafi, a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida suke yi, kuma ni ke kama shi in fito da shi in zaunar a kujera, don Mama Mairo ba ta iya ɗaga shi. Haka na zama ɗan kallo. Ƙauna kan taso daga makaranta ƙarfe biyu, alli a jikin zanenta, ta sha ruwa, ta tsaya gaban ƙarfen da ake ɗora takardar kiɗa, su fara. Kullum ne in ban da Lahadi.

Ban san koyarwa na iya zama azaba haka ba sai da na ga malamin da ba zai iya nunawa ba. A da in ɗalibi ya yi kuskure, karɓar gogen yake ya yi masa sau ɗaya, an wuce wurin. Yanzu sai baki, bakin kuma ya karkace.

"Gwiwar hannunki ta faɗi. Ɗaga. Ba kafaɗa ba, gwiwa! Kafaɗar ta kwanta abinta."

Ta gyara.

"Babban yatsanki ya sandare a kan izga. Kin shaƙe ta. Riƙe ta kamar kin ɗauko ɗan tsako. In kin matse ya mutu, in kin sake ya gudu."

Akwai wani wuri a kashi na farko da hannun hagu zai tashi daga ƙasa ya haura can sama kusa da fuska a cikin ƙiftawar ido, ya sauka daidai a kan ƙara guda. Mako biyu suka yi a kan wannan tsallen kaɗai. In ta sauka ƙasa kaɗan, sai ya runtse ido kamar an soka masa allura. In ta wuce, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tsalle kike yi ido rufe kina addu'a. Ba haka ba ne. Ki ji ƙarar a kunnenki tukuna, tun ba ki tashi ba. Hannu bawan kunne ne, inda kunne ya riga ya je nan yake zuwa. Kuma ki sassauta yatsan kafin ki tashi, ki bar shi ya zame a kan tsirkiya. Sake."

Na ƙirga ran nan don in ga iyakar abin. Sau sittin da ɗaya ta yi. Ta samu sau tara.

Wani abin da ya fi damunsa shi ne Ƙauna ba ta taɓa zama a ɗaki ɗaya da ƙungiyar makaɗa ba. A waya kawai ta ji. Saboda haka duk inda takarda ta ce ta yi shiru sauran su amsa, sai ta tsaya tana ƙirga a zuci kamar mai jiran mota, in lokaci ya yi ta faɗo. Shi ya zama mata ƙungiyar. Da karkataccen bakin nan yake rera abin da mutum arba'in za su kaɗa, yawu na zuba a gefe yana sharewa da hannun riga, yana buga sanda a madadin ganga.

"Suna yi miki magana, Ƙauna. Saurare su. Sun tambaye ki abu, amsa za ki ba su. Ja numfashi kafin ki shiga, kamar za ki buɗe baki."

Ni a ganina yarinyar tana ci gaba. Shi a ganinsa kwanaki ne ke gudu. Ya rataye kalanda a jikin dalbejiyar yana soke ranaku da biro. Ya daina cin abincin rana in darasi bai yi kyau ba. Mama Mairo ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, ka yi masa magana. Likita ya ce kada jininsa ya hau. Wannan abin zai kashe shi." Na yi masa maganar. Ya saurare ni har na gama.

"Malam Awaisu, kai da ka yi ritaya, irin da ka raba wa manoma yana nan a gonaki har gobe. Ni fa? Shekara arba'in da tara. In na mutu yau, ɗana Yunis zai zo daga Kaduna ya rataye gogen nan a bango, jikoki su riƙa nunawa. Babu wanda ya san yadda ake yi daga nan har Zariya sai ni da yarinyar nan, ita kuma rabi ta sani."

A watan Yuni, da ruwa ya zauna, gashin izgar ya fara tsinkewa. Tsohon gashi ne tun na Legas. Kullum sai biyu ko uku sun tafi, har abin da ya rage bai iya kama tsirkiya. An tambaya a Funtuwa, an tambaya a Zariya, babu mai shi. Kwana huɗu ba darasi, Baba Sulemanu na zaune yana kallon kalanda. Ni na tuna da Maitama, wani tsohon mai gogen gargajiya a Danja da na sani tun ina zagayen gonakin rake. Muka shiga bas ni da Ƙauna ran kasuwa.

Maitama ya daɗe da barin kiɗa, yanzu buhunan albasa yake ɗinkewa. Ya karɓi izgar ya juya ta, ya murɗa ɗan ƙarfen da ke gindinta ya ga yadda take ɗamewa, ya girgiza kai yana murmushi.

"Nasara ke nan. Abin da muke yi da lanƙwasa kara, shi sai da ya sa masa kusa."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin gashin wutsiyar doki, fari, ya wanke da toka, ya taje, ya zaɓi masu tsawo ɗaya bayan ɗaya. Yini guda ya yi yana gwadawa yana warwarewa. Ya ba ta ƙaro ta goga wa gashin. Sannan ya ce ta ɗan taɓa ya ji. Ta yi masa farkon kashi na biyu a nan cikin rumfar albasa. Da ta gama ya ce, "Hannunki na da tsabta, 'yata. Amma kamar kina karanta wasiƙar wani."

Ta gaya wa Baba Sulemanu wannan maganar da muka dawo, tana dariya. Shi bai yi dariya ba.

Kashi na biyun nan shi ne mai tafiya a hankali. Babu gudu, babu tsalle, ni da ban san komai ba na ɗauka shi ne mai sauƙi. Wata 'yar gajeriyar waƙa ce ke fitowa, ta tafi, ta sake dawowa daidai yadda ta zo da farko. A kan wannan dawowar suka maƙale.

"Kin yi na biyu kamar na farko."

"Baba, iri ɗaya aka rubuta."

"Na san iri ɗaya aka rubuta! Wanda ya rubuta ba mahaukaci ba ne, me zai sa ya faɗi magana sau biyu in ba abin da ya canja? In mace ta kira ɗanta a gona bai amsa ba, ta sake kira, muryar ɗaya ce?"

"A'a."

"To me ya shiga ta biyun?"

"Tsoro."

"Sa shi."

Ta gwada. Ta ƙara ƙarfi, ya ce ihu take yi. Ta rage, ya ce barci take ji. Ya koya mata ta rage gudun izga ta ƙara mata nauyi daga hannu, ta matso kusa da jaki, ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa kansa. Ya koya mata ta bar ƙarar ta fara a miƙe kafin ta girgiza yatsa, girgizar ma ta fara ƙanana sannan ta buɗe. Duk ta yi. Komai daidai, amma ni kaina na ji abin da Maitama ya ji.

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar Yuli, saura kwana ashirin da shida. Hadari ya haɗu, iska na kaɗa takardun. Ta yi wurin sau kusan goma. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Ranar da aka kawo babanki daga hanyar Danja, ina tsakar gidanku. Kin fito da kayan makaranta. Kin ce Baba. Sannan kin sake cewa Baba. Ina ji. Na biyun nan nake so. Yi."

Mama Mairo, da ke tsince shinkafa a bakin madafa, ta ajiye faranti. "Baban Yunis!"

Ƙauna ta ɗaga gogen ta yi. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai san da waƙar ta dawo karo na biyu sai na tsinci kaina ina kallon ƙasa. Da ta kai ƙarshe, ta goge tsirkiyoyin da ƙyalle kamar yadda ta saba, ta kwantar da gogen a akwati, ta sassauta izga, ta rufe. Ta durƙusa ta ce wa Mama Mairo sai an jima. Ba ta dubi inda yake ba. Gogen ma a nan ta bar shi.

Alhamis ba ta zo ba. Juma'a ba ta zo ba. Ya sa Mama Mairo ta kira ta, wayar na shiga ba a ɗauka. Ran Lahadi a coci ta zauna can baya, ta fita kafin a tashi. Ni dai kullum ƙarfe biyu sai ya ce in fito da shi, in zaunar da shi a ƙarƙashin dalbejiyar, ya zuba wa ƙofa ido har la'asar. Ya daina soke kalandar.

Kwana na takwas ya ce in samo mai Keke Napep.

"Ina za mu?"

"Makarantarsu."

Muka isa ana tashi. Hanyar ta yi caɓi, keken bai iya shiga har ƙofa, sai da na riƙe shi muka taka, yana jan ƙafa a cikin laka, takalminsa ɗaya ya maƙale na ciro. Ƙauna ta fito da littattafai a hannu, ta gan mu, ta tsaya cak.

"Baba, me ya fito da kai? Da ka faɗi fa?"

Ya daɗe kafin bakin ya ba shi haɗin kai.

"Abin da na yi miki sata ce. Na shiga inda ba a ba ni izini ba na ɗauko abu don ina bukata. Ki yafe mini."

Ta kau da kai. "Ya yi kyau, ko ba haka ba? Abin da kake so ke nan. Shi ya fi ba ni haushi, Baba. Da na ji ya yi kyau sai na ji kamar na sayar da babana."

"Ya yi kyau," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in haka za ki riƙa yi kullum, ba za ki kai shekara talatin kina goge ba. Ba haka aka koya mini ba. Tsoro ne ya kama ni. Takardun nan da na ba ki, rubutun fensir ɗin duk nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina shirya kiɗan nan a ɗakina. Sau ɗaya aka ce in fito gaba in gwada, ranar atisaye, ba ma 'yan kallo. Na kai wurin tsallen nan na zame. Shugaban ya ce na gode, koma kujerarka. Ban sake roƙo ba. Ban taɓa gaya wa ko Mairo ba."

Yara na wucewa suna kallonmu. Ƙauna ta gyara riƙon littattafanta.

"Zan dawo," ta ce. "Amma kada ka sake ambaton babana. Kuma wurin nan, ni zan nemo yadda zan yi shi. In bai yi maka ba, ka yi shiru."

"Na ji."

Saura kwana goma sha takwas, kashi na uku kuma, mai gudun, ko rabi ba su ci ba. Makaranta ta yi hutu, saboda haka suka koma safe da yamma. Kan yatsunta suka fashe, ta riƙa tsoma su a ruwan gishiri. Ƙaramin yatsanta kullum yana makara, yana sauka ƙasa da inda ya kamata. Ya sa ta rage gudun har ya zama kamar tafiyar tsohuwa, sannan su ƙara kaɗan-kaɗan yana buga sanda. Lokaci bai isa ba, dukansu sun sani. Ya cika alkawari game da kashi na biyu. In ta zo wurin sai ya sunkuyar da kai, wani lokaci in ga leɓensa na motsi, amma bai ce uffan ba.

Ni na raka ta tashar Funtuwa, ta rungume akwatin gogen a cinya don kada a sa shi a but ɗin mota. Kwana huɗu ta yi. Baba Sulemanu bai iya zama ba bai iya kwanciya ba, ya sa aka ajiye masa waya a aljihun gaba.

Ba su ɗauke ta ba. Mutum sittin da uku suka zo, wasu tun suna shekara biyar suke goge. Ta ce da mai fiyano ya fara buga abin da Baba ke rera mata, sai da ta kusa mantawa ta shiga, don ba ta san haka yake da faɗi ba. Ta sami tsallen. Sun bar ta ta yi kashi na biyu har ƙarshe, abin da ba su yi wa kowa ba a rukuninsu. A na uku suka tsayar da ita tun ba ta yi nisa ba.

Sun ba ta takardar sharhi. Ya ce ta karanta masa, ta karanta a tsaye a tsakar gida, jakarta ma ba ta ajiye ba. Hannun hagu bai da saurin da ake bukata. Ƙaramin yatsa na sauka ƙasa. Izgar na bukatar gashi na ƙwarai. Game da kashi na biyu layi ɗaya suka rubuta, cewa a nan ba su da abin gyarawa. Tana iya sake nema baɗi.

"Sake karanta na farkon," ya ce.

Ta sake.

"Gaskiya suka faɗa. Laifina ne, na ɓata mako uku a wuri guda." Ya dubi hannunsa da ke dunƙule a cinya. "Da zan iya nuna miki sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, Ƙauna."

Ta ce, "Baba, bari in je in yi wanka," ta fita.

Lokacin girbin masara ciwon ya sake buge shi, yana zaune ana karanta masa yawan buhunan da aka samu a Gozaki. Wannan karon maganar ce ta tafi. Yana gane kowa, yana jin komai, amma in ya buɗe baki sauti ɗaya ne ke fita. Yunis ya zo ya ce zai tafi da shi Kaduna. Ya riƙe ƙafar gado da hannun dama ya ƙi saki, har Yunis ya haƙura ya koma.

Gwajin shekarar da ta biyo baya Ƙauna ba ta je ba. Mahaifiyarta ta kwanta ciwon ƙafa, ƙannenta uku na makaranta, ba wanda zai riƙe gidan in ta tafi shekara biyu. Ita ta zo ta gaya masa da bakinta. Ya rufe ido, hawaye na bin gefen da ya karkace, Mama Mairo na sharewa. Yanzu shekarunta sun wuce abin da makarantar ke karɓa.

Har yau tana zuwa Talata da Asabar. Ina fito da shi, ta tsaya gabansa. In ya buga sanda sau ɗaya, ta tsaya. In sau biyu, ta sake. Sauran sai ta duba fuskarsa ta yi ta laluben abin da yake nufi, ta gwada wannan ta gwada wancan, wani lokaci ta dace, wani lokaci ya yi ta bugun ƙasa har ya gaji ya jingina kai. Kashi na uku suke kai har yanzu.

Makon jiya na tare ta a ƙofa na tambaye ta, tunda Legas ta wuce, me take shiryawa.

"Wallahi Malam ban sani ba," ta ce. "Shafi huɗu suka rage. In mun gama su na yi tunani."

Ta ɗaure ɗankwalinta, ta tsayar da ɗan acaɓa, ta ce ya kai ta kemis ta karɓo wa mahaifiyarta magani kafin a rufe.